Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙiba da sankarar mama

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce Hajiyarku, wadda al'adarta ta daɗe da ɗaukewa, ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, maƙwabta kuma suna cewa ƙiba ce ta jawo, idan ta rage jiki zai baje. Ni na yi jinyar yayata a kan wannan cutar, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Gaskiya ne ƙiba tana ƙara haɗarin sankarar mama ga macen da ta daina al'ada. A wannan lokacin kitsen jiki ne yake zama babban mai samar da sinadarin mata da ake kira istirojin, kuma mafi yawan nau'o'in wannan sankara da shi suke girma, saboda haka yawan kitse yana nufin yawan sinadarin. Sannan idan mama yana da girma, ƙaramin ƙullutu yakan ɓuya har sai ya yi ƙwari. Amma siririyar mace ma tana kamuwa, kuma akwai gado da shekaru, don haka kada a ɗora wa Hajiya laifi.

Inda maƙwabta suka kauce shi ne batun bajewa. Rage jiki rigakafi ne, ba ya narkar da ƙullutun da ya riga ya fito. Ku kai ta asibiti a makon nan, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, ko babban asibitin da ya fi kusa da ku ya rubuta muku takardar turawa. Likita zai duba maman da hammata, a yi hoton mamogiram, wataƙila a ƙara da sikanin, sannan a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin naman shi kaɗai ne yake tabbatar da sankara ce ko ba ita ba, kuma ƙullutu da yawa ba sankara ba ne. Za ku ji masu cewa idan ƙarfe ya taɓa ciwon zai watsu. An faɗa mana haka a Agege, yayata ta toshe kunnenta, kuma da ikon Allah wannan ne ya sa aka kama nata da wuri. Jinkiri ne yake ba ciwon damar yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a faɗin duniya, kimanin 670,000 suka rasu.

Ku riƙe duk takardun gwaji a jaka ɗaya, kuma ki riƙa shiga wurin likita tare da ita, domin tsoro yakan hana mara lafiya riƙe abin da aka faɗa. Maganar rage lemon kwalba da soye-soye da yin tattaki kullum tana da muhimmanci, har gare ki ke kanki, amma sai bayan sakamako ya fito, bisa shawarar likitanta. Allah Ya ba Hajiya lafiya.