Tambaya da Amsa: Damben Punch-Out!! a Cikin Burauza

Tambaya: Assalamu alaikum. A wajen yayana da ya yi karatu a Amurka a shekarun 1980 na fara jin labarin wani wasan damben boksin mai suna Punch-Out!!, wanda sai an jefa wa na'urarsa sulalla ake bugawa. Kwanan baya na buɗe shi a burauzar wayata ba tare da na sauke wata manhaja ba, amma hoton ya zo a rabe gida biyu, kuma ko ɗan damben farko na kasa kayarwa. Wasan ne ya lalace, ko ni ne ban iya ba? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, wasan lafiyarsa ƙalau, kuma rabuwar hoton da ka gani haka aka ƙera shi tun asali. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fitar da Punch-Out!! a 1984, a ƙarƙashin jagorancin Genyo Takeda, yayin da Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya zana 'yan damben. A lokacin kamfanin yana da rarar allunan talabijin da ya tara bayan cinikin da wasan Donkey Kong ya yi, sai aka ɗora wa akwatin wasan allo biyu, ɗaya a kan ɗaya: na ƙasa yana nuna fafatawar, na sama kuma yana nuna maki da lokaci da hotunan masu karawa. Idan aka cusa waɗannan alluna biyu a fuskar waya, dole kowanne ya ƙanƙance.

Ƙanƙancewar nan ita ce ta fi cutar da kai, domin wasan kacokan an gina shi ne a kan lura da fuskar abokin karawa. Ɗan dambenka yana tsaye ya ba ka baya, kuma an zana jikinsa da koren zare kamar raga, don ka riƙa hango wanda ke gabansa ta cikinsa. Duk lokacin da abokin karawar zai kawo naushi, sai farin idonsa ya yi walƙiya da ruwan ɗorawa, kai kuma a wannan ɗan taƙin za ka goce hagu ko dama, ko ka tare, sannan ka rama kafin ya mayar da hannuwansa. Wanda ya shiga yana ta dannar maɓalli ba ji ba gani, naushinsa a kan garkuwar abokin gaba zai riƙa ƙarewa har lokaci ya cika. Ko Glass Joe, Bafaranshen da ka kasa kayarwa, wanda aka laƙaba wa wannan suna saboda haɓarsa ba ta da ƙwari kamar gilashi, yana iya kai mai gaggawa ƙasa. Duk wanda ya saba zuwa gidan dambe ya san cewa mai haƙurin jiran kafa shi ke yin kisa, kuma a nan ma haka abin yake.

Dalili na biyu yana ga yadda wasan ke gudana a burauza. Abin da ka buɗe manhajar kwaikwayo ce, wadda ke sa wayarka ta yi aiki tamkar ita ce tsohuwar na'urar, sannan ta karanta ainihin bayanan da aka kwafo daga cikinta. Mafi shahara a irin waɗannan manhajoji ita ce MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara a 1997, daga baya aka juya ta yadda za ta yi aiki a cikin burauza. Da wannan dabara ce ma'ajiyar Internet Archive ta buɗe sashen wasannin sulalla kusan 900 a ƙarshen 2014. Na'urar asali tana sabunta hoto kusan sau 60 a daƙiƙa, to idan waya ba ta da ƙarfi, ko an bar shafuka da yawa a buɗe, sai hoton ya riƙa tsallake, ko a sami ɗan jinkiri tsakanin dannawarka da motsin ɗan damben. A wasan kati wannan jinkiri ba ya hana komai, amma a nan kafin ka goce naushin ya riga ya sauka.

Shawarata ita ce ka koma kan kwamfuta, ka rufe sauran shafuka, ka faɗaɗa hoton ya cika allo. Idan MAME ce ke ƙarƙashin wasan, yawanci maɓallin 5 shi ne jefa sulalla, 1 shi ne farawa, kibiyoyi su ne gocewa da ɗaga hannu ko sauke shi, Ctrl da Alt kuma su ne naushin hagu da na dama, sannan Tab yana buɗe wurin da za ka sauya wannan tsari yadda ya fi maka daɗi. Ka riƙa duba ma'aunin KO, wato na naushin kisa: yana ƙaruwa idan naushinka ya shiga, yana raguwa idan an same ka, idan ya cika kuwa sai ka saki babban naushi, wanda a akwatin asali yana da ƙaton maɓallinsa daban. Bayan Glass Joe akwai Piston Hurricane da Bald Bull, har a kai ga zakara Mr. Sandman. Kada ka nemi Mike Tyson a ciki, domin shi a Punch-Out!! na NES, na'urar wasan gida ta Nintendo, ya fito a 1987, aka kuma maye gurbinsa da Mr. Dream a 1990 bayan ƙarewar yarjejeniyarsa da kamfanin.

Tambaya: Yarana sun dame ni da irin waɗannan tsofaffin wasanni na kyauta. Shin tsufansu ya sa sun zama na kowa? Wata uwa daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya. Haƙƙin mallakar Punch-Out!! yana hannun Nintendo har gobe, kuma kamfanin ba ya wasa da shi: a 2018 ya maka masu dandalin LoveROMs da LoveRETRO, masu rarraba kwafin tsofaffin wasanni ba da izini ba, a kotu a Amurka, shari'ar ta ƙare da biyan diyyar sama da dala miliyan 12. A shekarar ce kuma aka fitar da wasan na asali a kan na'urar Nintendo Switch cikin jerin Arcade Archives, inda ake saye da izini. Ki kuma ja wa yaran kunne cewa wasan da ke gudana a burauza ba ya bukatar a sauke wata manhaja ko a ba da lambar waya, don haka duk inda aka nemi ɗaya daga cikin biyun, su rufe wurin nan take.