Amsa ga 'yar'uwar da ta ce 'yarta ta daina yarda da kowa

'Yar'uwa, kin ce tun da kuka baro gida yarinyarki ba ta karɓar ko ruwa a hannun kowa, ke ma kin kasa sakin jiki da matan da kuke zaune tare. Wallahi kamar da bakina kika yi tambayar nan. Mu daga Doron Baga muka fito a Janairun 2015 da 'yan Boko Haram suka kawo hari, kun san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba.

A sansanin da aka sauke mu a Maiduguri akwai wata 'yar garinmu, tare muke sayar da banda a kasuwa. Ita aka ba rubuta sunayen mata na rabon abinci. Da ƙanwata ta kuɓuto daga hannun Boko Haram a daji da goyo, cikin dare na je na gaya wa matar don ta samar mata katin abinci. Washegari kafin azahar duk layin famfo an ji. Annoba suke ce mata. In ta ajiye jarka sai kowa ta janye tata. Jaririn da ko zama bai fara ba aka hana yara taɓa shi, wai jinin ubansa ne a jikinsa. Sannan matar nan ta zo har bakin tantinmu tana mana sannu da haƙuri! Wadda ta ci tuwon uwarmu! Har yau in na ji murya irin tata gabana faɗuwa yake. Na bar ta da Allah.

Don Allah kar ki doki yarinyar, kar ki tilasta mata gaida baƙi. In an kawo abinci ki fara ci a gabanta. In za ki fita ki faɗa mata inda za ki da lokacin dawowa, kuma ki cika, ko da bakin titi ne. Katinki kuwa kar ki ba kowa ya karɓo miki. Duk namijin da ya ce ki same shi da dare zai sa sunanki, ki kai maganar wurin ma'aikata mata, kar ki ji kunya.

Amma kar ki rufe ƙofa gaba ɗaya. Wadda ta riƙe mu wata tsohuwa ce Babarbariya daga Monguno, Hausarta ma kaɗan ce. Ita ta riƙa yi wa jaririn wanka a gaban kowa. Da aka rufe wasu sansanonin Maiduguri a ƙarshen 2021 muka rabu, har yau ina cigiyarta.

Shekarun yarinyar nawa? Tana samun barci da dare kuwa? Ki yi min magana ta saƙo.