Amsa ga mai tambaya kan darussan ka'idoji kafin binciken koyon na'ura

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka fara digiri na biyu, hankalinka na kan koyon na'ura (wato koya wa kwamfuta gane abubuwa daga misalai), amma malamin da ke duba aikinka ya dage sai ka ɗauki kwas ɗin ka'idojin algoridim (tsararrun matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala) da lissafin yiwuwa, alhali ka riga ka iya rubuta shirin kwamfuta da yaren Python. Kana tambaya ko ɓata lokaci ne. Na daɗe ina koyar da wannan fanni ina duba kundin ɗalibai, kuma gaskiya malaminka yana kan daidai.

Abin da na sha gani shi ne ɗalibi ya shigo ofis da fara'a, kwamfuta a buɗe, ya ce na'urarsa tana gane ciwon huhu a hoton ƙirji, da ƙyar take kuskure. Sai mu zauna mu buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Can sai mu tarar hotunan majinyaci guda an raba su, wasu a cikin na horo (waɗanda na'urar ta koya daga gare su), wasu a cikin na gwaji. Ashe mutanen ta haddace, ba ciwon ta koya ba. Shirin da ya rubuta kuwa lafiya lau yake, shi ya sa iya Python bai cece shi ba. Wanda ya zauna da lissafin yiwuwa zai hango wannan tun kafin ya danna komai, domin sakamakon gwaji ba ya da ma'ana sai idan misalan gwajin ba su jingina da na horo ba.

Wannan fa ba sabuwar damuwa ba ce. Masana lissafi Vapnik da Chervonenkis sun yi aiki a kanta a Tarayyar Sobiyet tun 1971. A 1984 Leslie Valiant ya tsara tambayar da lissafi: misalai nawa na'ura ke buƙata kafin, a mafi yawan lokuta, ta yi kusan daidai a kan abin da ba ta taɓa gani ba? Aikin nan na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Turing ta 2010, babbar kyautar kimiyyar kwamfuta. Duk ranar da aka tambaye ka a gaban kwamitin duba kundinka ko bayananka sun isa, tambayarsa ce ake yi maka.

Ɓangaren algoridim kuma zai hana ka asarar watanni. Stephen Cook a 1971, da Richard Karp a 1972 da matsalolinsa 21, sun nuna akwai dangin matsaloli waɗanda in aka samu hanya mai sauri ta warware ɗaya, an warware duka. Har yau ba a samu ba, kuma tun 2000 Cibiyar Clay ta sa dala miliyan 1 ga wanda ya raba gardamar ko akwai irin wannan hanyar ko babu, wadda ake kira P da NP. Tsara jadawalin jarrabawa na cikin danginsu. Ina jin tausayin ɗalibin da zai ƙare zango yana neman cikakkiyar amsa mai sauri, alhali da ya gane irin matsalar da tuni ya koma neman amsa mai kusa da daidai.

Kada ka ɗauka ka'ida ta gama bayanin komai. Tun nasarar 'yan Jami'ar Toronto a gasar gane hotuna ta 2012, manyan na'urori suna aiki fiye da yadda tsofaffin ka'idoji suka yi hasashe, kuma masana na ta muhawara kan dalili. A ganina nan ne filin bincike mafi daɗi, sai dai ba ya shiguwa ga wanda bai iya kafa hujja ba.

Ka ɗauki kwas ɗin, ka riƙa yin atisayen da biro da takarda, kar ka leƙa amsa sai ka sha wuya. Ka sani kuma a fanninmu takardun taruka irin su NeurIPS, ICML da COLT suna da nauyi ƙwarai, kuma yawancinsu suna nan kyauta a arXiv, shafin intanet da masana ke saka takardunsu. Ka roƙi malaminka ya zaɓa maka takarda ɗaya mai gajeriyar hujja, ka karance ta, sannan ka je ka sake kafa hujjar a allo a gabansa ba tare da duba takardar ba. Inda ka maƙale, daga nan za ku fara. Allah ya ba da sa'a.