Yadda ake ciniki a kasuwannin Kaduna in kai baƙo ne

Ɗan'uwa da ka ce za ka shigo Kaduna daga Sakkwato sayen kayan lefe kana tsoron kar a cuce ka, to ka fara da Kasuwar Sheikh Gumi, wadda mu dai har yanzu Santara muke ce mata, atamfa da shadda da leshi duk akwai. In kuma gwanjo kake so sai Kasuwar Barci a Tudun Wada, kayan abinci kuwa ka bari sai ranar Talata ka je Kawo.

Shi ciniki kar ka nuna kaya ya shiga ranka, ka yi sallama ku gaisa tukuna, ka tambayi kuɗi a shago uku ko huɗu kafin ka taya. In ya ce dubu 30 ka taya 18, zai ce albarka, kar ka ji kunya wallahi haka abin yake, ka ɗan ƙara kaɗan kaɗan in ya ƙi ka yi kamar za ka tafi, sau da yawa kafin ka kai bakin layi zai kira ka ya ce kawo kuɗin. Amma fa in ya sallama maka a yadda ka taya dole ka biya, janyewa abin kunya ne.

Yaran nan masu cewa "Alhaji zo in kai ka" ka rabu da su, la'adarsu a kanka za a ɗora. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda netwok na iya hana taransfa, sannan ka sa a warware turmin atamfar ka duba kafin a ɗaure maka.