Fatawa: Zuba jari a kamfanonin da ke cewa suna kare damisar Asiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, nakan je sarin kaya Indiya da Tailan. Abokan hulɗata na can sun kawo mini tayi biyu. Na farko, in sa hannun jari a wani masaukin baƙi da ke bakin gandun dajin da ake kai masu yawon buɗe ido kallon damisa. Na biyu, in shiga wata gona da ake kiwon damisar a keji ana hayayyafa ta. Masu gonar suna cewa idan aka wadata kasuwa da fata da ƙashi na kiwo, mafarauta za su ƙyale ta daji. Shin 'yan kasuwa za su iya taimakawa wajen kare wannan dabba? Kuma kuɗin da zan samu halal ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, na farko ya halatta da sharuɗɗa, na biyu bai halatta ba. Amma tunda kuɗi za ka saka, ya kamata ka ji dalili.

Dabbar da kake nufi ba damisarmu mai ɗige-ɗige ba ce. Waccan mai ratsi-ratsi ce, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma ba ta rayuwa a dajin Afirka, sai a Asiya. A farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta akwai kusan 100,000 a daji. Zuwa 2010 sauran kusan 3,200, har shugabanni da wakilan ƙasashe 13 da ke da damisar suka taru a birnin St. Petersburg na Rasha suka ɗauki alkawarin ninka adadin zuwa 2022. Wadda ke tsibirin Bali, da ta Java, da ta yankin tekun Kaspiyan, duk sun ƙare ƙurmus, babu ko ɗaya. Allah yana cewa a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne kamarku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da karnuka ba don su al'umma ce daga cikin al'ummomi ba da ya yi umarni a kashe su. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Wato kasancewarsu jinsi guda na halitta shi ne ya hana a shafe su. Don haka hana wani jinsi ɓacewa abu ne da shari'a take so. Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawa a 2014 tana haramta farauta da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, kuma su ne ke zaune da damisar Sumatra, sun fi mu ganin abin da ido.

Wani zai ce ai Imam Malik ya fassara “kare mai cizo” da aka yi izinin kashewa ko a Harami da cewa ya haɗa zaki da damisa da duk mai far wa mutane. Haka ne. Amma wannan izinin tunkuɗe cuta ne. Wadda ta shigo gari ta fara cin mutane, hukuma ta kama ta ko ta kashe ta, ran ɗan Adam ne a gaba. Ba izini ba ne a bi ta har cikin dajinta a ƙarar da ita saboda kuɗin fatarta.

Asalin mas'alarka yana cikin babin da malamai ke kira hima, wato keɓe wani yanki na ƙasa a hana taɓa shi. A zamanin jahiliyya, mai ƙarfi yakan hau tudu ya sa karensa haushi, duk iyakar inda aka ji haushin ya zama makiyayarsa shi kaɗai, sauran dajin kuma ya ci gaba da raba shi da talakawa. Musulunci ya rushe wannan da kalma ɗaya, a hadisin Sa'abu ɗan Jassama da ke cikin Bukhari: “Babu hima sai ta Allah da Manzonsa.” Annabi ya keɓe Naƙi'u saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Sharaf da Rabaza. Malamai suka fahimci cewa shugaba yana da ikon keɓe daji don amfanin kowa, amma attajiri ba shi da ikon keɓe dajin jama'a don kansa. To a nan ne matsayin kamfani yake fitowa fili: zai iya zama ɗan ƙwadago ko wakili a cikin himar da hukuma ta kafa, ya gina masauki, ya ɗauki masu gadi, ya sayi motocin sintiri, ya ci ribarsa ta hanyar ijara ko haɗin gwiwa. Amma dajin da damisar da ke cikinsa ba su zama nasa ba. Dokar Indiya ta 1972 ta kare namun daji ma a kan haka take tafiya, namun daji na hukuma ne.

Kuma tarihi ya nuna wanda ya ɗauki babban nauyin. A Indiya, gwamnatin Indira Gandhi ce ta ƙaddamar da shirin ceto damisa a 1973 da gandu 9. Ƙidayar 2006 ta sami damisa 1,411, ta 2022 ta sami 3,682. Nepal ta tashi daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022. Abin da ya kawo wannan shi ne doka, da masu gadin daji, da barin fili mai faɗi, domin damisa ɗaya tana bukatar namun daji manya kamar 50 a shekara, kuma ba za a same su a ɗan shinge ba. 'Yan kasuwa sun taimaka ta wani gefe: baƙin da suke kawowa gandayen Ranthambore da Kanha na Indiya da Chitwan na Nepal suna biyan kuɗin shiga, 'yan ƙauye suna samun aikin tuƙi da ja-gora da girki, kuma dajin da idanu suka yi wa yawa yana da wuyar shiga ga maharbi. A Nepal doka ta tanadi a mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da gandu kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo. Mutumin da aka gina wa 'ya'yansa makaranta da kuɗin kallon damisa ba zai nuna wa ɓarawon daji hanya ba. Amma kada a zuzuta. Gandun Sariska na Indiya yana da masaukai da baƙi, duk da haka aka wayi gari wajen 2005 babu damisa ko ɗaya a cikinsa, mafarauta sun kwashe, sai da aka ɗebo wasu daga Ranthambore a 2008. A kewayen gandun Corbett kuma masaukai sun yi yawa har suna tare hanyar da dabbobi ke bi zuwa kogin Kosi. Abin ya kai Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da yawon buɗe ido a tsakiyar gandayen a Yulin 2012, ta sake buɗewa a Oktoba bayan an gindaya ƙa'idoji.

Saboda haka kafin ka saka kuɗi a masaukin nan, ka tabbatar yana da izinin hukuma kuma ba a kan hanyar dabbobi aka gina shi ba, ba ya ɗaure akuya ko zuba nama don jawo damisa gaban kyamara, ba ya cunkusa motoci a kanta. Ka tambayi maganar giya ƙarara, domin yawancin irin waɗannan masaukai suna sayar da ita. Idan kai abokin tarayya ne a kamfanin, to kai ma mai sayarwa ne; ko dai a cire ta, ko ka nemi wani wurin.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne na mutanen wurin, kuma shi ne wanda masu tallan hannun jari ba sa ambata. Lokacin da Sayyidina Umar ya naɗa bararren bawansa Hunayyu a kan hima, ya yi masa wasiyyar da Malik da Bukhari suka kawo. Ya ce masa ya sassauta wa Musulmi, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya kiyayi dabbobin Ibnu Aufu da Ibnu Affan. Dalilinsa: waɗannan biyu idan dabbobinsu suka halaka suna da dabino da gonaki, shi kuwa mai ɗan garke sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo yana kiran “ya Amirul Muminina”. Ka dubi sunayen da ya ambata, manyan sahabbai ne biyu cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna, amma da aka zo maganar makiyaya sai ya sa su a baya. Yau a wurare da dama an juya wasiyyar nan. Van Gujjar, makiyayan ɓauna Musulmi ne a arewacin Indiya, an tashi da yawansu daga gandun Rajaji aka tsugunar da su a waje. A Sundarbans, tsakanin Bangladesh da Indiya, masu ɗibar zuma da masunta ne damisa ke kashewa, matansu ne ke zama zawarawa. Idan aka fitar da mai nono da mai zuma daga daji da sunan kare dabba, sannan aka buɗe wa mai otal ƙofa, to wannan himar jahiliyya ce ta dawo da sabon suna. Ka bincika yadda aka sami filin masaukin. Idan ƙwace ne, ko an tashi mutane babu yardarsu babu diyya mai gamsarwa, kada ka shiga, ko da takardun sun cika. Ka kuma nemi a rubuta a yarjejeniya cewa 'yan wurin za a fara ɗauka aiki, kuma kamfanin zai sa hannu a biyan diyyar shanun da damisa ta kashe, domin makiyayin da ba a biya shi ba yakan zuba guba a mushen.

Sai gonar keji. Ba zan ɓoye maka cewa masu ita suna da abin kamawa a littattafanmu ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Risala ta ce babu laifi a yi salla a kan fatun namun daji masu farauta idan an yanka su, haka sayar da su, kuma Shehu Halil ya halatta sayar da kyanwa da naman daji mai farauta saboda fata. Wasu malaman sun hana, saboda hadisin da Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka kawo na hani ga fatun irin waɗannan dabbobi. Ko mun tsaya a kan mazhabarmu, wancan hukunci ne na asali a lokacin da dabbar ke cike da daji kuma babu dokar da ta hana. Shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslahar jama'a, kuma an taƙaita: yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin damisa tsakanin ƙasashe tun 1975, Sin ta hana cinikin ƙashinta a cikin gida a 1993, kuma taron ƙasashen yarjejeniyar na 2007 ya ce kada a yi kiwon damisa don sayar da sassan jikinta. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alkawura. Kai da ka shiga ƙasar mutane da biza, ka shiga ne da alkawarin bin dokarsu.

Hujjar da suka ba ka ba sabuwa ba ce, wani ɗan Indiya, Barun Mitra, ya yi ta yaɗa ta tun 2006, kuma sukan kawo misalin kiwon kada. Amma kai ɗan kasuwa ne, yi lissafin da kanka. Kada tana zuba ƙwai da yawa. Damisar keji kuwa sai an yi shekaru ana saya mata nama kullum kafin ƙashinta ya kai sayarwa, shi kuwa maharbi tarkon waya kawai zai ɗana. Wa zai karya wa wani farashi? Masu saye kuma sun fi son ta daji, suna ganin ta fi ƙarfin magani. Da zarar an buɗe kasuwar halal, ƙashin daji zai shige cikin na gona, babu jami'in kwastan da zai bambance su da ido. Akwai dubban damisa a keji a Sin da Laos da Tailan da Biyetnam, sun fi na daji yawa, amma a cikin shekarun nan ne ta daji ta ƙare a Laos da Biyetnam da Kambodiya. A Tailan ɗin da kake zuwa, a 2016 hukuma ta shiga wani wurin ibada a Kanchanaburi da ya yi suna wajen ɗaukar hoto da damisa, ta kwashe fiye da 130, ta kuma sami gawar 'ya'yan damisa 40 a cikin firiza. Wannan shi ne abin da malamanmu ke kira toshe kafa: abin da aka tabbatar yana kaiwa ga ɓarna, ana hana shi ko da asalinsa halal ne. Ba wa mai cin riba da mutuwar damisa amanar rayuwarta, ba wa kura ajiyar nama ne.

Akwai wasu abubuwa biyu da kowannensu ya isa shi kaɗai. Sau da yawa ƙashin nan a cikin giya ake jiƙa shi a sayar, ka ga an shiga taimakon haram kai tsaye. Sannan azabtarwa. Hausawa na yi wa damisa kirari da “ƙi sabo”, dabba ce da Allah ya halitta tana yawo ita kaɗai a fili mai faɗi. A kulle ta a ɗakin siminti, a raba ta da 'ya'yanta tun suna shan nono don ta sake ɗaukar ciki da wuri, a riƙa miƙa su hannu-hannu ana hoto. Annabi ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kuma wadda aka haifa a irin wannan wuri ba ta iya farauta ba, ta saba da mutane, ba a iya sakinta a daji, don haka maganar “muna adana iri” ba ta da tushe. Wannan daban yake da kiwon da masana ke yi ƙarƙashin kulawar hukuma, suna riƙe da tarihin jinin kowace dabba, ba sa sayar da komai na jikinta. Wannan ya halatta matuƙar ana kyautata mata.

Idan ka riga ka ba masu gonar wani abu, ka karɓi uwar kuɗinka, ribar da ta hau kai ka bayar da ita ga mabukata ba da niyyar lada ba. Idan kuma kana son taimaka wa dabbar ba don riba ba, sadaka da waƙafi sun halatta, kamar sayen takalma da magani ga masu gadin daji ko tallafa wa iyalan da damisa ta kashe musu mai gida. Zakka dai ba ta shiga aikin gandu, masu cinta takwas ne a Suratut Tauba, sai dai ka ba matalautan ƙauyukan nan da hannunsu a matsayinsu na matalauta.

Wallahu a'alam.