Tambaya da Amsa: Sauya jinginar gida alhali ana sana'a a cikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna. Na mallaki gidan da muke ciki da rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda na karɓa ta hannun wani bankin jingina, kuma har yanzu ana cirar kuɗin daga albashina. Mai ɗakina tela ce, mun mayar da garejin gidan shagon ɗinki, tana da kekuna huɗu da yara masu koyo. Yanzu wani bankin kasuwanci ya ce zai biya ragowar bashin da ake bi na, ya riƙe takardun gidan jingina, sannan ya ƙara mana kuɗin sayen injin surfani da sola. Wani abokina ya ce mu kwashe kekunan ranar da mai ƙiyasta darajar gidan zai zo, kada a san ana sana'a a ciki. Shin shagon zai iya ɓata lamarin? Kuma wannan sauyi zai amfane mu?

Mai karatu daga Unguwar Dosa

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ta fi damuna. Rancen NHF, wanda ma'aikaci ke samu bayan ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a asusun da Bankin Jingina na Tarayya ke kula da shi, ana biyansa ne da ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, kuma wa'adinsa na iya kaiwa shekara 30. Da wuya ka samu bankin kasuwanci da zai kusanci wannan. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, su kuma bankuna sukan ɗora nasu a kai kafin su ba ƙaramin ɗan kasuwa. Mu ɗauka ragowar bashinka naira miliyan 5 ne. A kan kashi 6, ruwan shekara ɗaya kusan naira 300,000 ne, amma a kan kashi 30 ya zama miliyan 1.5, tun kafin a zo maganar kuɗin injin da solar. Ga shi wa'adin bankin kasuwanci gajere ne, kuma galibi takardar tayinsa na ɗauke da sharaɗin cewa yana iya ƙara ruwan idan kasuwa ta sauya. Ke nan shagon uwargida zai ɗauki nauyi biyu: kuɗin kayan da aka sayo masa, da ƙarin ruwa a kan tsohon bashin gidan da a da albashinka ke biya cikin kwanciyar hankali.

Sauyin shi kansa ba kyauta ba ne. Tsohon banki zai rubuta takardar sakin jingina, sabon banki ya rubuta tasa yarjejeniyar, kuma sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta a nemi amincewar gwamna kafin a jinginar da fili mai takardar mallaka. A Kaduna ta hukumar kula da filaye ta jiha, wato KADGIS, ake bi. Bankuna ba sa wasa da wannan tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda aka soke jingina saboda rashin wannan amincewa. Kuɗin neman amincewar, da na hatimin haraji, da na rajista, da na lauya, da na mai ƙiyasi, da duk wani kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru a kanka, kusan duka daga aljihunka za su fita. Ka nemi a rubuta maka jimillarsu kafin ka sa hannu a komai.

Shawarar abokinka kuwa, ina roƙonka ka yi watsi da ita, ko da ka yanke shawarar ci gaba. Mai ƙiyasta gida aikinsa ke nan kullum. Zai ga an cire ƙofar gareji an sa ta shago mai kallon titi, zai ga gurbin allon talla a bango da layin soket da aka jera domin kekuna, kuma yana iya tambayar mai shayin bakin layi ya ji komai. Ko da ya wuce bai lura ba, fom ɗin da za ka cike zai tambayi abin da ake yi da gidan, kuma a irin waɗannan yarjejeniyoyi ba da bayanin ƙarya dalili ne da ke ba banki damar neman kuɗinsa gaba ɗaya nan take. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman ga shagon da dukan unguwa ke kawo masa ɗinkin Sallah.

Babban haɗarin yana wajen inshora. Banki zai wajabta maka inshorar gobara a kan gidan, shi kuma kamfanin inshora yana yanke abin da za ka biya ne gwargwadon abin da ka faɗa masa. Gidan kwana kawai daban yake da gidan da ke da dutsen guga a kunne tun safe, da janareta, da jarkar fetur a lungu, da batiran sola, da tarin shadda da atamfar mutane a kan kanta. Idan wuta ta tashi daga shagon, Allah Ya kiyaye, masu bincike suka gano sana'ar da aka ɓoye, kamfanin na da hujjar ƙin biya. A ranar za ka wayi gari gida ya ƙone, bashin banki na nan daram, ga kuma masu kaya a ƙofa suna neman diyya. Wannan ya shafe ka tun yanzu, ko ba ka sauya banki ba: ka duba inshorar da ke kan gidan a halin yanzu, ka sanar da su shagon a rubuce, ka biya ƙarin da za su nema.

Game da ko shagon zai ɓata lamarin, ya danganta da girmansa. Ka ɗauko kwafin takardar mallakarka ka karanta wurin da aka rubuta manufar da aka ba da filin dominta. Idan mazauni aka rubuta, to macen da ke ɗinki a ɗakinta ba ta sauya gidan daga zama gida ba, amma fasa katanga a buɗe ƙofa ta titi, da kafa allo, da ɗaukar ma'aikata, sun fara mayar da wani sashe wurin kasuwanci. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke mallaka idan an saɓa sharuɗɗan takardar, sauya fasalin gini kuma na buƙatar izinin hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA. Lauyan banki zai duba waɗannan, domin banki ba ya son riƙe kadarar da ke da rigima da hukuma. Gara ka je da ƙafarka ka tambayi hukumomin biyu, KADGIS da KASUPDA, abin da ake buƙata domin daidaita shagon.

Idan kuma ana so a lissafa cinikin shagon cikin abin da za a biya bashin da shi, banki abin da ya gani a asusu kawai ya sani. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu, ko aka tura wayar yaron shago, ba ya shiga lissafi. A yi wa sana'ar rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a buɗe mata asusunta daban. Ku kuma lura cewa ɗinki yana da lokaci: daga azumi zuwa Babbar Sallah ba a barci, sai lokacin kayan makaranta da na bukukuwa, sannan a yi watanni kasuwa a kwance, alhali banki kowane wata yake jiran nasa. Tun 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cirar bashin da aka kasa biya daga asusunka na wasu bankunan ta lambar BVN.

Ra'ayina shi ne ka bar rancen NHF inda yake, a nemo wa injin da solar kuɗi ta hanyar da ba ta taɓa takardun gida ba. Dokar 2017 ta jinginar kadarori masu motsi ta ba da damar a jinginar da injin kansa, a yi masa rajista a rumbun da Babban Banki ke kula da shi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, kuma wannan ya fi kwanta wa mutane da yawa a rai ta fuskar addini. Akwai kuma ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinka. Idan kasuwa ta juya baya a irin wannan tsari, mafi muni a rasa inji. Sannan tunda sana'ar ta uwargida ce, gidan kuma da sunanka yake, ku zauna ku rubuta wanda bashin ke wuyansa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta.

TAMBAYA

Ina sayar da kayan masarufi a zauren gidana, amma takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu kaɗai gare ni. Banki zai karɓe ta jingina?

Wata mai karatu daga Rigasa

AMSA

Hajiya, mafi yawan bankuna ba za su karɓa ba, domin ba za su iya yi wa jinginar rajista da ita ba. Takardar taki hujja ce mai amfani wajen neman takardar mallaka, don haka ki adana ta, ki kai kwafinta KADGIS tare da katin shaidarki. Wajen cike fom, ki bayyana cewa akwai shago a zauren, domin a rubuta manufar filin daidai tun farko.