Me ke cikin allurar da ke sa tarwaɗa sakin ƙwai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon tarwaɗa a ƙauyenmu da ke gefen kogin Haɗeja. Uwar kifi takan cika da ƙwai, amma ba ta sakinsa sai an yi mata allurar Ovaprim. Wani ɗalibi ya ce mini asalin maganin daga kifin teku yake. Gaskiya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗalibin nan ya yi kusa da gaskiya, sai dai ba daga jikin kifi ake tatso maganin ba. Haɗa shi ake yi, a kwaikwayi wani sinadari na ƙwaƙwalwar salmon, kifin da ke girma a teku. An gano tsarin sinadarin a 1983.

Sunan sinadarin GnRH, kuma yana cikin ƙananan sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su, waɗanda masana ke kira niyurofeftayid. Idan damina ta kankama, ruwa ya malala cikin fadama, ƙwaƙwalwar tarwaɗa takan saki wannan saƙo zuwa wani ɗan ƙululu da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya zuba nasa sinadarin cikin jini, ƙwai ya ƙarasa nuna ya sauko. A tafkin siminti babu ambaliya, saboda haka umarnin ba ya fita, ga kuma wani sinadari mai suna dofamin da ke danne shi. Shi ya sa aka haɗa allurar da domferidon, mai kawar da wannan shinge.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wannan hanya ta aika saƙon sakin ƙwai ta game halittun teku da ba su da ko ƙashin baya. Tun a 1959 aka lura cewa ruwan jijiyar wata halittar teku mai siffar tauraro yana sa ta zubar da ƙwai, amma sai a 2009 masana a Japan suka tantance sinadarin. Wani dangin dodon-koɗi na teku kuwa, mai suna Afilishiya, saƙo ɗaya ke sa shi barin kiwo ya duƙufa kan saka ƙwai.

Amma ka lura, Malam: allura umarni kawai take bayarwa, ba ta nunar da ɗanyen ƙwai. Ka zaɓi uwar da cikinta ya yi laushi, wadda ƙwai ke fitowa idan an ɗan matsa, ka auna nauyinta kafin ka ba ta rabin mililita a kowane kilo. Lokacin hunturu kuma ka ƙara haƙuri, domin sanyin ruwa yana jinkirta saukowar ƙwai.